Turamen Goggo Goma Sha Biyu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun ina 'yar shekara huɗu, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a gidanta na Makarfi. Bayan Azahar maza suka ɗauke ta. Kafin La'asar babu inda mutum zai ajiye ƙafa, daga tsakar gida har ƙofar zaure.

Na sha zuwa gidajen makoki, amma ban taɓa ganin tarin takalma irin na ranar ba. A bakin tabarmi, inda aka saba ganin silifas, kambas ne jibge, farare da baƙaƙe, wasu duk sun ɓule a wajen babban yatsa. Matan Hunkuyi sun yo shatar mota guda, na Ikara biyu. Na Nasarawan Doya kuwa da ƙafa suka tako, suka ce ba za su zo wa Malama gaisuwa a kan babur ba. Wata da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ce ba ta taɓa ganin Goggo ido da ido ba, muryarta kawai ta sani a rediyo. Ta ciro ɗan littafin nan na Goggo mai koren bango daga cikin leda ta nuna mini, ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma. Matar liman, wadda ita ce ta fara shiga ajin Goggo, ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ƙafa tana jan carbi, can ta ce, ba da kowa take ba, "To yanzu wa zai ƙirga mana?"

Sai wata dattijuwa daga dangin mijina ta gyara zama, ta yi ajiyar zuciya yadda kowa zai ji.

"Allah sarki Malama," in ji ta. "Duk wahalar nan da hana kai daɗi, ga shi ko saba'in ba ta cika ba. Ni da nake zuba cokali uku a shayina, ga ni nan zaune."

Ba da mugunta ta faɗa ba, haka bakinta yake. Amma na ga kawuna suna gyaɗawa, har da na wasu masu kambas, kuma babu wadda ta tanka mata. Wallahi maganar nan ta fi yi mini zafi a kan ganin fitar makara. Fitar makara na daɗe da sanin tana tafe. Abin da ban shirya wa ba shi ne a binne aikin Goggo tare da ita kafin rana ta faɗi.

Kuma ga alama hakan za a yi. Da yamma Baba, mahaifina, ya shigo ya wuce bayan gida, inda turamen Goggo goma sha biyu suke jere a ƙarƙashin rumfa. Ya ja ƙofar langa-langar filin, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Goggo ba ta bar miji ba, ba ta bar ɗa ba, saboda haka gidan nasa ne. Sunan mahaifiyarsu gare ni, shi ya sa daga shi har Goggo Uwata suke kirana.

"Uwata," ya ce, bai dube ni ba, "wannan abu ya ƙare da mai shi. In an yi arba'in a raba turamen. Wurin zan riƙa ajiye mazarƙwaila."

Na ce, "To, Baba." Abin da bakina ya faɗa ke nan, zuciyata kuwa ba ta ce to ba.

Bari in faɗi ko wace ce Goggo, don waɗanda suka san murya ba su san mutum ba.

Malamar wasanni ce a wata makarantar 'yan mata, ta yi shekara talatin da wani abu da usur a wuya. Doguwa ce, busasshiya, mai saurin tafiya. In kuna hanya tare sai ki riƙa ɗan gudu kina yi mata hira. Da ta yi ritaya ta dawo gida da niyyar hutawa, ko wata uku ba ta yi ba ƙawarta ta ƙuruciya ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Goggo ta yi jinyarta har ta rasu. Daga nan ta sayi abin awon jini, ta shiga bin gidaje tana ɗaura wa mata a dantse. Kullum ta dawo sai ta zauna ta yi tagumi. Ta ce mini, "Uwata, rabin matan garin nan a bakin rami suke zaune, suna ta hira."

Dabararta ta farko ba ta ci ba, kuma ta cancanci a yi mata dariya. Cewa ta yi mata su fito filin firamare da safe a yi gudu, kamar yadda take sa 'yan makaranta. Ta je da usur ɗinta ta tsaya ita kaɗai har rana ta yi zafi, awaki ne kawai suka zo. Wace matar aure ce a Makarfi za ta fita fili tana gudu, samari na kallo? Ta dawo tana huci, ta zauna a ƙofar ɗaki ko takalmi ba ta cire ba. Injin niƙan unguwarmu yana ta ƙara. Ta daɗe tana saurarensa, sannan ta juyo.

"Uwata, yaushe rabonki da daka?"

Na ce, "Daka kuma, Goggo? Ga inji?"

"Shi ne," ta ce. "Innarmu har ta bar duniya ba ta san hawan jini ba. Ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona da ƙafa. Ku kuwa inji ya karɓe daka, 'yan ga-ruwa sun karɓe rijiya, babur ya karɓe hanya. Aka bar muku zama da cin mai."

Washegari ta je wajen masassaƙi ta sa ya sassaƙa mata turame goma sha biyu na icen ƙirya, da taɓare masu nauyi. Hikimar a nan take: babu namijin da zai hana matarsa zuwa daka. Wadda ba za ta taɓa samun izinin zuwa motsa jiki ba, da ta ce za ta gidan Malama dakan gero sai a ce a dawo lafiya.

Da farko mata sun ɗauka wayo ne, wai Malama ta samu masu yi mata aiki a banza. Da maganar ta zo kunnenta sai ta ce kowa ta zo da hatsinta, ta daka, ta koma da abinta, ita zufar kawai take so a bar mata. Ana idar da sallar Asuba take buɗe ƙofa. Ta auna jinin kowa, a yi miƙa, sannan a tsaya uku-uku a kan turmi a kama lugude, wannan ta sauke taɓarya wannan ta ɗaga. In an yi nisa sai ta ce a sauya hannu, domin a cewarta hannun hagu ma Allah ne ya yi shi, ba don ado ba. Tankaɗe kuwa a tsugune ake yi, ba a zama a kujera. Ita tana zagayawa tana ƙirga saukar taɓare da ƙarfi.

A ƙirgan nan ne halinta yake. In ta ga hannaye sun fara sanyi sai ta ɗaga murya: "Saura goma!" Mata su tattaro ɗan ƙarfin da ya rage su cika goman. Suna shirin jingine taɓare sai ta sake cewa, "Saura goma!" Takan yi haka sau huɗu, sau biyar, fuskarta ko gezau. Wata rana matar liman ta tsaya tana haki, ta riƙe ƙugu.

"Malama, ki ji tsoron Allah. Ƙarya da sassafe, ko karyawa ba a yi ba?"

"Hajiya, ci gaba da daka," in ji Goggo. "In kin gama zufa ni zan yi istigfari."

Ni kuwa, 'yar gida, ni ce ɗalibarta mafi lalaci, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tela ce ni, a kan keke nake wuni, kuma Allah ya jarrabe ni da son ƙosai da shayi mai kauri. Shekara da shekaru ana lugude a gidan da na tashi, ni ina gidan mijina ina juyi a katifa. Sai bayan haihuwata ta huɗu likita ya dube ni ya ce jinina ya hau, hawan da ba na wasa ba. Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Kullum bayan Asuba sai ta tsaya a ƙofar gidanmu ta yi ta rafka sallama, da muryar nan da ta saba cika fili, har maƙwabta su fara leƙowa. A kwana na huɗu maigidana ya ce, "Don girman Allah tashi ki bi ta, kafin a ce wani abu na yi miki." Haka na shiga aji. Makon farko tafin hannuna ya yi kanta, na yi kuka, na ce ita ba ta da tausayi. Ta shafa mini man kaɗe da hannunta, ta ce gobe ma rana ce.

Sannu a hankali abin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Wata ma'aikaciyar gidan rediyo daga Zariya ta zo biki unguwarmu, ta ji lugude da asuba ta biyo sauti. Daga nan Goggo ta samu fili duk mako, ana buɗe shi da ƙarar turamenta, mata na bugo waya suna tambaya. Ta horar da wasu suka buɗe nasu a Hunkuyi da Kudan da Ikara. Littafin nan mai koren bango a kan tabarma ta rubuta shi, cikin littattafan 'yan makaranta, ta sa aka zana hotunan yadda ake tsayuwa a kan turmi don kada baya ya ƙage. Da ta tuna yawancin waɗanda ta rubuta dominsu ba sa karatun boko, sai ta karanta shi kaf da bakinta aka ɗauka a waya, mata suka yi ta tura wa juna. Ta kuma ɗauki zawarawa da gwagwaren mata aiki, suna haɗa garin kunu da garin zogale da fura marar sukari, ana ƙullawa a leda ana kaiwa kasuwanni. Mutane suna cewa Malama ta zama 'yar kasuwa, ita kuwa har ta rasu kambas ɗinta biyu ne.

Rediyon nan ne ya haɗa ta da Baba.

Baba manomin rake ne, kamar ubansa. Yana da doki mai juya injin matse rake, yana da manyan kasake na dafa ruwan har ya zama mazarƙwaila. A ƙasarmu kuwa mutane da yawa sun yi imani mazarƙwaila ba sukari ba ce, tunda ta gargajiya ce, ba daga kanti ta fito ba. Mai ciwon suga zai bar sukari da gaske, ya koma jefa mazarƙwaila a koko, yana ganin ya bi dokar likita. Wata rana wata mata ta bugo waya tana alfahari da hakan.

"Baiwar Allah," in ji Goggo, duk ƙasar na ji, "mazarƙwaila sukari ce da ba ta yi wanka ba. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya shi ke yin ta, kuma tasa ta fi ta kowa daɗi. Amma in kina da suga, ki bar ta."

A kasuwa Baba ya ji, a tsakiyar abokan sana'arsa, rediyo na rataye a rumfa. Aka yi ta yi masa tsiya. Ya zo gida ko babbar riga bai cire ba.

"Auta, da raken nan aka yi miki karatu. Yau shi kike zagi a rediyo, har da ambatona?"

"Yaya, ambatonka da na yi kuskure ne, ka yafe mini," ta ce, tana durƙushe. "Amma in koma in ce ba sukari ba ce, wannan ba zan iya ba. Mutane na rasa ƙafafunsu."

"To ki riƙe gaskiyarki."

Ya fi shekara bai taka gidanta ba, alhali katanga ɗaya ce ta raba su. In sun haɗu sai sallama da amsawa, iyakar abin da zai fitar da su daga zunubin gaba. Na san abin yana cinta, don na sha ganin ta zuba fura a kwano ta rufe, ta ce a kai masa, a dawo da ita ba a taɓa ba. Ba ta fasa aikawa ba, ba ta kuma janye maganarta ba. Kan Goggo da na Baba dutse ɗaya aka fasa aka yi su.

Sai Baba ya fara rama, ga yawan ƙishirwa, ga ɗan ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Aka auna, aka ce suga ne. Duk mun zuba ido mu ji Goggo ta ce ai na faɗa. Ba ta ce ba. Da ƙafar ta warke, wata safiya bayan an tashi daga daka, ta shiga zaurensa ta kwance fulogin babur ɗinsa ta ƙulle a bakin zani.

"Yaya, raka ni fadama."

"Me za ki yi a fadama?"

"Rakenka zan gani."

Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ƙarshe ya ɗauki sandarsa ya bi ta. Tun daga ranar kullum sai sun taka zuwa gonar raken sun dawo, ita a gaba shi a baya yana mita. Ya riƙa gaya wa mutane wai Auta ce ke tsoron karnukan hanya, shi ya sa yake raka ta. Goggo da ko kura ba ta tsoro! Shekara bakwai suna wannan tafiya, kuma babu wanda ya san abin da suke faɗa wa juna a hanya.

Ciwon da ya ɗauke ta a hanta ya kama ta, irin wanda ba ya jin magani. Cikin wata biyar matar nan mai saurin tafiya ta koma sai an riƙe ta. Duk da haka ba ta yarda an rufe ƙofa ko sau ɗaya ba. Mukan ɗauko kujera mu ajiye mata a bakin rumfa, ta lulluɓa da mayafi tana ƙirga, muryar ta shaƙe amma tana fita.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Tambayar da dattijuwar nan ta yi a wajen makoki, ni na riga ta yi. Wata rana da hantsi ina shafa wa Goggo mai a ƙafa, na ga yadda ƙafar ta koma ƙashi da fata, sai haushi ya kama ni, ban san da wa nake fushi ba.

"Goggo, ina amfanin? Ba ki sha zaƙi ba, ba ki ci mai ba, ba ki huta ba. Ga masu kwana a kan kujera suna yawonsu lafiya."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai.

"Uwata, kin taɓa jin na ce wa wata turmi yana hana mutuwa?"

Na ce a'a.

"Kwana na Allah ne, ba a daka shi a turmi. Abin da na ce shi ne, kwanan da aka ba ki, ki yi shi a tsaye. Ki tashi daga sujada ba ki dafa bango ba. Ki shiga banɗaki ba a riƙe ki ba. Ni shekara sittin da shida na yi a kan ƙafafuna, wata biyar kacal na kwanta. Ƙawata shekara nawa ta yi ana juya ta?" Ta huta, sannan ta ƙara da cewa, "In na tafi za su faɗi abin da kika faɗa. Kada ki yi musu da baki, ba za ki ci ba. Ki buɗe ƙofa kawai."

To ga ƙofa da kwaɗo, ga makulli a aljihun Baba.

Safiyar Laraba ta zo shiru. A gidan na kwana tare da 'yan zaman makoki, kuma ban taɓa jin safiya mai nauyin wannan ba. Shekara fiye da goma unguwar nan da lugude take tashi. Da hantsi na ji wasu daga cikin matan ajin suna magana ƙasa-ƙasa, ɗaya na cewa ita dai ta huta, tunda abin ba ya ƙara kwana. Na gane in aka yi kwana arba'in a haka, ko an buɗe ƙofar babu mai dawowa.

Da La'asar aka kawo buhun geron da za a yi gumbar sadakar uku. Baba ya ce a jiƙa, gobe da sassafe a kai inji. Na bi shi zaure na durƙusa, ni da ban taɓa mayar masa da magana ba tunda nake.

"Baba, ina neman alfarma. Gumbar Goggo kada ta shiga inji."

"Wa zai daka buhu guda?"

"Mu."

"Gidan makoki ne nan, Uwata, ba gidan biki ba. Ba za a yi mini lugude a kan kabarin da bai bushe ba. Filin nan na rufe shi."

Na koma ciki na faɗa wa matar liman, ina hawaye. Ta saurare ni har na gama, ta ɗaure carbinta a hannu.

"Ya ce kada a buɗe fili. Ya ce kada a daka gumba?"

Na yi tunani, na ce bai faɗi haka kai tsaye ba.

"To. Tun kakanninmu gumbar sadaka dakawa ake yi, kafin a san wani inji. Babu malamin da zai ce dakan sadaka wasa ne. Ba za mu yi waƙa ba, ba za mu yi tafi ba, ba za mu taɓa kwaɗonsa ba. Ki jiƙa geronki, 'yar nan."

Ranar Alhamis ana idar da Asuba na ji ana gungura abu a lungu. Na leƙa. Mata ne, wasu sun ɗoro turame a ka, wasu suna mirgino su a ƙasa, na aro daga gidajen da suka daɗe da kife su a bayan ɗaki. Ba duka suka zo ba. Waɗanda suka gyaɗa kai ranar Talata da yawa ban gan su ba. Amma an samu turmi bakwai da hannayen da za su ishe su. Muka jera a tsakar gida, muka zuba gero, muka yi bisimilla.

Abin bai yi kyau ba. Wani turmin ya tsage, wani ƙarami ne, kuma babu mai ƙirga. Taɓare suna ta karo da juna, wannan ta sauke kafin waccan ta ɗaga. Matar liman ta harare ni, ta ce, "Ke muke jira." Na buɗe baki na fara, ɗaya, biyu, uku, da muryata ta tela wadda ba ta saba wuce ɗaki ba. A hankali hannaye suka daidaita, sautin ya fara kama da wanda muka sani. Shi ne ya karya ni. Na waiwaya inda kujerarta take zama, babu kowa. Lokacin da hannayen suka fara sanyi, lokacin da ya kamata in faɗi kalmominta biyu, sai na buɗe baki. Na yi ƙoƙari, kuka ne ya fito. Taɓare suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina shi ke nan, na kasa.

Sai muka ji muryar namiji daga zaure, a shaƙe, amma da ƙarfi.

"Saura goma!"

Kowa ya daskare. Matar liman ce ta fara sauke taɓarya, sauran suka bi. Muryar ta ƙirga tare da su har goma, ta ɗan tsaya, ta sake cewa, "Saura goma!"

Da aka cika, Baba ya yi gyaran murya ya yi sallama, mata suka ja mayafai. Ya shigo da sandarsa, gemunsa jiƙe da hawaye, bai ko damu ya share ba. Na durƙusa ina jiran faɗa.

"Haka take yi mini a hanyar fadama," ya ce. "In na ce na gaji sai ta ce, Yaya, saura taku goma. Shekara bakwai tana yi mini ƙaryar nan, da ita nake da ƙafafuna yau." Ya juya ya dubi ƙofar langa-langar. "Ba don mazarƙwaila na rufe ba, Uwata. Ina da wurin ajiya. Gani na yi ba zan iya jin turamen nan ta bayan katanga ba, alhali ba ta nan. To na ji shirun kwana biyu. Shirun ya fi."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye a tafin hannuna, a kan kantar da taɓaryar Goggo ta yi mini.

"Waɗannan na aron ba su da murya. Buɗe nata."

A turamenta goma sha biyu muka ƙarasa gumbar. Da aka zo batun zaƙi Baba ya ce gumba ba zaƙi ai hukunci ne, ba sadaka ba, muka shirya a kan dabino kaɗan. Dattijuwar nan mai cokali uku ta ci ta ce da sauran gyara. Har yau ba ta zo aji ba, kuma ban yi mata musu da baki ba.

Yanzu makullin yana ƙulle a bakin zanina. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, ni dai ina buɗewa kullum bayan Asuba, da ruwa da sanyi. Muryata ta fara isa ƙarshen rumfa. In an tashi daga daka sai in sa kambas ɗin Goggo, wanda ya ɗan yi mini tsawo, in shiga zauren Baba in same shi ya riga ya riƙe sanda, yana mitar na makara.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa. Ta tsayar da bayinKa a kan ƙafafunsu don su yi maKa sujada su tashi. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haɗa ta da Innarsu a Aljanna, Ka yafe mata kurakuranta, har da ƙaryar nan ta asuba. In akwai sauran istigfarin da ba ta ƙarasa ba, ni na gaje shi, don gobe ma sai na faɗa.